Igiyar Awon Gada

Ranar da Murgu ya durƙusa a gangare,
gungume ɗaure a bayansa, kumfa a baki,
babana Gavrila bai ɗaga bulala ba.
Ya kwance kacar, ya shafa masa wuya:
Shekara goma sha tara, dokina, ya isa haka.

Da daddare ya ɗauki fitila da igiya,
ya gangara gadar katakon da kakana ya ɗora bisa rafi,
ya auna faɗinta daga baki zuwa baki,
ya rage taƙi guda, ya ƙulla.
Ilinca, in ji shi, gobe sai Câmpeni.

Filin dila ya sha shara.
Ga a-kori-kura ja wur kamar barkono,
kujera mai ɗumama baya, gilashi mai sauka da kansa.
Octavian, mai wurin, ya buɗe mini ƙofa,
na zauna, na riƙe sitiyari,
ba zan ɓoye ba, zuciyata ta riga ni gida da ita.
Babana tsugunawa kawai ya yi, ya leƙa ƙarƙashinta:
Kututture ɗaya zai farke mata tumbi.
Kyan ɗan maciji ne, sauko.

Ga tarakta kore, ƙato, tayarsa ta kai kafaɗata,
hannun ƙarfensa na ɗaga gungume uku a tashi ɗaya.
Ƙarfin doki ɗari da ashirin ne a cikinsa, in ji Octavian.
Babana ya ce: Ni ɗaya na rasa.
Ya zaro igiya, ya miƙo mini baki guda,
muka ja daga taya zuwa taya.
Ƙullin ya tsaya a hanya.
Masu kallo suka yi dariya, ya bar su suka gama.

In ya mutu mini a dawa, dusar ƙanƙara har gwiwa,
wa zai tashe shi?
Sai an zo da kwamfuta daga Cluj.
Kwana nawa?
Octavian ya dubi takalminsa.

Can bayan gareji, gefen tulin tayoyi,
wani ƙaramin tsoho na tsaye,
fenti ya koɗe, salansa ɗaure da waya,
ya girme ni da shekara shida.
A gindinsa injin jan gungume,
igiyar ƙarfe mita hamsin, ba tsatsa, ba sili a tsinke.
Babana ya tsoma yatsa a baƙin mai,
ya murza, ya sansana.
Ya tashe shi da sanyinsa, ya kara kunne
kamar mai sauraron ƙirjin jariri.
Ya hau da shi tudun bayan fili,
ya taka birki a tsakiyar gangare, ya ƙirga ashirin.
Bai zame ba.
Tayoyi huɗu duka suna ja.
Muka auna: igiya ta rufe, har da rarar yatsa uku.

Ciniki ya kai har ƙararrawar coci ta buga ta yamma.
Aka ba mu kacar taya gyara.

Ni na tuƙo shi, awa uku, iska na yankan kunne,
itatuwa masu ganyen allura na wuce mu a hankali.
A bakin gada babana ya sauka,
ya shiga gaba yana tafiya da baya,
yana yafito ni da hannu biyu,
yana kaɗa harshe kamar yadda yake wa Murgu.
Katako ya yi ƙara,
ya sake yin ƙara,
ya ɗauka.

Murgu ya ɗago kai ta saman shinge,
ya dubi mai gadonsa yana tari da hayaƙi,
ya mayar da baki cikin ciyawa.

Igiyar na nan rataye a ƙusa bayan ƙofa.
Jar motar kuwa, wani lokaci cikin barci
nakan gan ta a ƙetaren rafi, fitilu a kunne,
tana neman hanyar gidanmu.