Ɗinkin Ranar Litinin

Litinin ce, an kawo mini rigunan cikin buhu,
goma sha uku, da warin gumi da jar ƙasa.
Ni ne telan Dorinan Binuwai,
masu zari-ruga na nan Garwa,
ko da yake wata bakwai ke nan
ban ga dala ɗaya ta ladan ɗinki ba.

Kafin zare ya shiga allura
bencin ƙofar shagona ya cika.
Hayatu mai gyaran babur ya fara:
"A kori koci!
Talatin da huɗu da shida?
'Yan Marwa sun zo har gida sun yi mana wanka ba sabulu.
Ya ajiye Wangso, yaro kamar bijimi,
ya sa ɗan ƙanwarsa mai ƙafa kamar sillen kara.
Ni da fili har abada."

Ilu mai tsire ya goge wuƙa a cinya:
"Bakinka ya fi salansarka ƙara.
Koci Taiwe da keke yake zuwa,
ruwan da yara ke sha daga aljihunsa ne.
Je ka tambayi shugaba
jaka ɗari uku da mai gidan burodi ya bayar.
An ce takalma. Ka ga takalma?
Yara na gudu a tsakuwa da faso,
motar Alhaji kuwa ta sake fenti."

Sai ga Malam Sa'adu ma'aji, littafi a hammata.
"Komai a rubuce yake."
"Buɗe mu gani."
"Sai ranar taro."
"Yaushe ne taron?"
"In an kira."
"Wa ke kira?"
Ya dubi agogo ya ce la'asar ta gabato,
alhali inuwar darbejiya ba ta ko karkata ba.

Ni dai ban tanka ba, ƙafata na kan keke.
Su a bakin fili suke kallo,
ni a nan nake karanta wasan.
Ga lamba uku, tsaf kamar ta ango,
mai ita bai rungumi kowa ba ran Asabar,
shi ne kuma ake yi wa kirari.
Ga lamba tara, ta ɗan ƙanwar nan:
wuya ya rabu, kafaɗa ta ɓarke,
jini ya bushe a inda na yi faci makon jiya.
Siririn yaro ya tare ƙatti har rigarsa ta gaji.
Na ɗaga ta sama don Hayatu ya gani.
Ya kalla, ya kau da kai,
ya ce, "To, ai ban ce ba ya ƙoƙari ba."

Tsoho Bobbo, da ke zuwa don inuwa kawai,
ya tofar da goro ya ce,
"Ni wasan naku ne ban gane ba.
Ƙwallo kamar gwanda,
ana jefa ta baya wai ana neman gaba.
In haka ne, ai kwamitinku ya fi kowa iyawa."
Har Ilu sai da ya riƙe ciki.

Aka koma kan wa za a sayar, wa za a sayo,
mu da ko famfon hura ƙwallo aro muke yi.
Aka naɗa koci uku, aka sauke biyu,
aka rushe kwamiti kafin shayi ya huce.

Da magariba benci ya watse.
Saura lamba tara a hannuna, baƙin zare ya ƙare.
Sai ga Hayatu ya dawo, wai ya manta sifana.
Ya ajiye ɗari biyar a kan keken ɗinki,
bai dube ni ba.
"Ka ninka ɗinkin kafaɗar nan," ya ce.
"Motar Gidar ɗin,
ƙarfe nawa za ta tashi ran Asabar?"