Jar Fatar Arzika

Shagona yana Rijiyar Ɗorowa, taku goma daga mai shayi.
Fanka ɗaya, kwamfuta ɗaya, kujerar da bulo ya tallafa.
Nan nake yanka lokaci in ɗinke shi,
masu wucewa su ce sana'ar zaune ba ta da wuya.

Ranar Talata Nomau ya shigo, gumi har gwiwar hannu,
ya miƙo min memori, ɗan abu kamar farcen yatsa.
"Arzika majemi ne, awa biyu yana zance bakin ramin jima.
Yi maza, gobe ina da walimar sauka a Bodinga."
Na soka katin, na jawo hotunan cikin manhaja kai tsaye.
Ban kwafe su a rumbun kwamfuta ba. Na ce sai anjima.
Anjima da mantuwa kuwa, nono ɗaya suka sha, uwa ɗaya.

Daren nan na yi ta kallon tsohon.
Yana dakan bagaruwa, yana dama toka,
yana murza karan dafi a fatar jar akuya
har ta ɗauki launin garwashi.
Ya dubi kamara ya ce, "Hwata ba ta son gaugawa, ɗana.
In ka aje abu, ka san inda ka aje shi."
Na yi dariya, na datse wurin, na ce ya cika ɓata hanya.

Da asuba Nomau ya karɓi katinsa,
ya wanke shi tas, ya cika shi da alluna da 'yan sauka.

Bayan sati bakwai Tumba ta tsaya a ƙofa,
mayafinta bai gama shan hawaye ba.
"Baba ya cika shekaranjiya. An ce maganarsa tana wurinka."
Na ce zauna, yanzu za ki gan shi.
Na buɗe aikin.
Ja. Allon duka ja,
ba jan karan dafi ba, jan da ke cewa babu.
Kowane yanki yana nan da sunansa da tsawonsa,
kamar layin ƙwarya a kan danki, kowace babu ko ƙwaya.

Ashe manhaja ba ta haɗiye hoto.
Kwatance kawai take riƙewa,
ɗan aike ce da ta haddace ƙofar gida:
ka bi nan, ka karya nan, za ka tarar da shi zaune.
In mai gida ya tashi, sai ta tsaya tana sallama a kango.
Ni na nuna mata gidan haya na ce mata nan ne ma'ajiya.

Na kira Nomau, ya yi shiru har kuɗin wayata suka ƙare.
Na bi folda folda, har kwandon shara na zazzage.
Wuta ta ɗauke, na tada janareta da man bashi.
Can ƙasan rumbu, a lungun da nake sharewa in wuri ya cika,
na tarar da ƙananan kwafin da manhaja ta yi wa kanta
don kada nauyi ya hana ta tafiya.

Dishi-dishi ne, kamar kallo ta gilashin da aka huci.
Fuskar ta narke, hular ta haɗe da bango.
Amma murya ba ta san dishi-dishi ba.
Na mayar da wurin da na datse.
Tumba ta matso har numfashinta ya taɓa allon,
ta ce, "Hannunsa ne. Dubi jan da ya ƙi fita ko ranar Juma'a."
Ta ce in mayar baya. Na mayar. Ta ce in ƙara mayarwa baya.

Yanzu ko hoton akuyar layya aka kawo,
sai na kwafe tukuna, suna da kwanan wata,
rumbu ɗaya a shago, ɗaya a Mabera cikin akwatin gyatuma.
Nomau yana tsaye yana kaɗa mukullin babur,
ni ina kallon koren layi yana rarrafe,
ban ce masa komai ba sai ya kai ƙarshen hanya.