Shafi na Talatin da Ɗaya

A Porto, a unguwar Campanhã,
inda jirgin ƙasa ke kaɗa mana gilashin taga,
na sayi ƙwayar ƙarin jini a kantin maganin kwana,
na miƙa katin rangwame ko kai ban ɗaga ba.
Amílcar ma ban faɗa masa ba tukuna.
Na ce sai Lahadi, in ya dawo daga teku,
ya wanke ƙarnin kifi daga hannu.

Ashe wayata ta riga shi ji.
Kafin Laraba ta fara yi mini barka:
ga gadon jariri, ga 'yar safa kamar kunnen zomo,
ga keken turawa, an rage kashi ashirin.

Cikin ya zube a mako na goma sha ɗaya.
Likita ta dafa mini kafaɗa.
Amílcar ya yi kukansa a banɗaki, famfo a buɗe.
Na'ura kaɗai labari bai kai wa ba,
ta ci gaba da lissafa mini watanni:
na biyar, ga matashin jingina,
na bakwai, kin haɗa jakar asibiti?
Ran da ya kamata in sauka
aka kawo kwalin madara har ƙofa,
sunana a jiki, ko harafi ɗaya ba su ɓata ba.

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.
Nawa ya riƙe amana.
Aljihuna ne ya yi surutu.

Idalina, abokiyar ɗinkina, allura a baki,
ta ce, "Graciete, ai akwai doka.
Tambaye su abin da suka sani a kanki,
wata guda gare su, dole su amsa."
Na ce ina ruwan doka da safar jariri?
Duk da haka na rubuta,
layi huɗu, hannuna na rawa.

Kwana ashirin da shida, ambulan ya iso,
shafi arba'in da uku, ya fi burodi nauyi.
Ga maganin tarin da na sha a Janairu,
ga na hawan jinin mahaifiyata,
ga sa'ar da nake farkawa in barci ya ƙi,
ga kamfanoni bakwai da aka yi wa rabon sunana
kamar naman watanda.
A shafi na talatin da ɗaya, can ƙasa:
mai juna biyu,
tara ga Maris, ƙarfe shida da minti goma sha huɗu.

Na daɗe a kan layin nan.
Yarona ba shi da takardar haihuwa,
ba suna, ba kabari.
Duk faɗin duniya nan kaɗai aka rubuta zuwansa,
kuma mai neman ciniki ne ya rubuta.

Wasiƙa ta biyu ta fi gajarta:
ku goge, ku gaya wa sauran bakwai su goge.
Suka goge. Rasit kawai suka riƙe saboda haraji.
Jami'in da ya sa hannu, wani Telmo Barreiros,
ya ƙara da biro a gefe: ki yi haƙuri.
Wannan kam doka ba ta tilasta masa ba.

Yanzu wayata zare take tallata mini,
da lema, don ruwan garin nan ba ya gajiya.

Daren bikin São João, unguwa ta cika da hayaƙi,
na hura gawayi da shafi arba'in da biyu,
muka gasa kifin sadin a bakin ƙofa.
Ɗayan na ninke shi huɗu,
yana cikin gwangwanin maɓallai, ƙarƙashin almakashi.
Amílcar ya san wurin.
Ni na gaya masa, da bakina.