Sa'a Dubu da Ɗari Huɗu

A Tsukuba, a ɗakin ƙasa marar taga,
tanderu goma sha biyu na numfashi a jere.
Na bakwai na Tomoe Kurahashi ne.
A cikinsa akwai 'yar sanda, ba ta kai yatsa kauri ba,
an rataya mata nauyi a ƙafa,
an sakar mata zafi digiri dubu da ɗari,
aka ja ƙofa, aka ce: to, mu ga iya haƙurinki.

Nikel ne garin tuwon.
Sauran duk kayan miya ne:
alminiyam, kobalt, tantalam kaɗan,
sai reniyam ɗan tsunkule,
wanda tsadarsa ta sa akanta ya bugo waya sau biyu
yana tambaya ko zinariya suke dafawa a can ƙasa.

Tun zamanin malamanta aka gane
inda ƙwaya ta jingina da ƙwaya, nan ɓarna ke kwana,
sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.
Shi ya sa ake bi da narkakken ƙarfe
ta wata murɗaɗɗiyar hanya mai kama da katantanwa,
ƙwayoyi ɗari su ɗauko tsere,
ɗaya tak ta kai bakin ƙofa,
ta girma ita kaɗai, ba maƙwabci, ba iyaka.

Ƙarfe ba ya kuka.
Rarrafe yake yi,
a mako guda bai miƙe kaurin gashin gira ba.
Kwamfuta na ƙirgawa, ba ta gyangyaɗi,
amma tsoho Shiomi bai yarda da ita ba.
Kullum da asuba sai ya jingine kekensa,
ya lashi bakin fensir, ya kwafe lambar a littafi mai baƙin bango.
Shekara talatin da ɗaya yana gadin wuta.
Ya ce mata: duk zafin da muka ƙara a tsawon aikina
bai isa ya tafasa ruwan shayin nan ba,
ga shi kuwa ya cinye mini gashin kai.
Ya yi dariya har tabarau ya zame.

Watan Maris zai ajiye aiki.

Ran Talata, uku da minti goma sha biyu na dare,
nauyin ya faɗi.
Ba kowa a ɗakin. Ƙararrawa ta yi ta yi ita kaɗai.
Sa'a dubu da ɗari huɗu da shida.
Wadda ta gabace ta ba ta kai dubu da ɗari biyu ba.

Da rana Tomoe ta yanka, ta goge, ta kai gaban madubi.
Ga ƙananan murabba'ai da suka fara a jere kamar tubali
sun narke da juna, sun zama kunya-kunya.
Tsakaninsu kuma ga allurai,
farare, masu tsini, sun tsiro inda ba a shuka su ba.
Reniyam ne. Gishirin ya yi yawa.
Abin da ya tsayar da ita wata biyu a wuta
shi ne ya soke ta daga ciki.

Ta daɗe ba ta ɗago ba.
Shiomi ya ajiye mata lemo a gefen tebur, bai ce uffan ba.

A rage tsunkule, a ƙara wani abu,
a sake narkawa, a sake jira.
Sakamakon ba zai fito ba sai damina ta sauka,
lokacin shi yana Ibaraki ta arewa yana ban ruwan albasa.

Da yamma ta tarar da littafin a aljihun teburinta,
fensir na ciki, ya rage kamar guntun yatsa.
Can sama wani jirgi ya karkata zai sauka Narita,
wuta na ruri a ƙarƙashin fiffikensa,
mutum ɗari uku na barci a kanta.
Ta buɗe sabon shafi,
ta rubuta: hamsin da takwas.