Gwangwani

Shekara ashirin ina ɗaukar fuskokin mutane
a ɗan shagona na Tudun Wada.
Ɗaga haɓa. Rufe baki. Kar ka ƙifta.
Hoton neman aiki, hoton neman makaranta.
Sai waya ta zo ta cinye kasuwarmu,
farin ƙyallen bango ya soma ja don zama.

Ran wata Laraba Hansatu ta shigo
rungume da kwalin taliya mai huda shida,
wani abu a ciki yana huci.
Ta ce, "Malam Ilu, kana ɗaukar marar jin magana?"
Na ce, "Ai su na fi ɗauka."

Likitancin dabbobi take karanta a Samaru.
Bayan gidan hayarta akwai tsohon akurki,
ta share shi, ta shimfiɗa buhunan masara.
Nan take tara magunan da ɗalibai ke bari
in sun gama, sun ɗaure katifa bisa mota,
sun manta wa ke jiransu a bakin ƙofa.
Goma sha bakwai a daminar bana.
Malami in zai yi tafiya ya kawo tasa ajiya,
ladan ajiyar ke sayen kan kifi na sauran.

"Ba a ɗaukar abin da ba a gani ba," in ji ta,
ta buɗe kwali.

Muzuru ne, toka-toka, kunne a tsage,
idon hagu dutsen ɗanko ya rufe shi.
A Kwangila ta tsinto shi, ƙarƙashin gada,
kansa maƙale cikin gwangwanin madara,
sunan kuma ya bi shi.

Na ce ɗaga haɓa, ya yi mini hamma.
Na kaɗa makulli, ya ba ni baya.
Na juya shi ta ɓangaren lafiya,
yadda nake wa mai tabo a kumatu.
Hansatu ta dafe hannuna.
"Bar shi. Mai so ya so shi da idonsa."

Hadari ya haɗo daga gabas, aka ɗauke wuta.
Na buɗe ƙofa don in sami haske,
sai ga shinge guda ya shigo yana lilo.
Gwangwani ya miƙe wuya,
ido ɗayan nan ya cika da duniya
kamar an kunna aci-balbal cikin rijiya.
Yatsana ya riga tunanina.

Muka manna su jere a ƙofar shago,
ita kuma ta watsa su ta waya.
Farar ta tafi Kongo tun kafin la'asar.
Tagwayen, wani tela a Ƙofar Doka
da ɓeraye suka ci wa shaddar mutane.
Shi ko sati uku,
har feshin ruwa ya nannaɗe gefen takardar.

Sannan Baba Tanimu mai gyaran agogo
ya jingine kekensa, ya daɗe yana kallo.
Ya ciro ɗan gilashin aikinsa daga aljihu,
ya runtse hagu, ya maƙala a dama,
ya duba hoton kamar cikin agogo.
"Ni ma da ido ɗaya nake cin abinci," ya ce.
"Nawa ne?"
Hansatu ta ce ba kuɗi, sai alkawari:
ruwa a kwano, allura in lokaci ya yi.

Yanzu duk Juma'ar da zai je Soba ganin jikoki
ni yake kawo wa ajiya.
Gwangwani ya haye kujerar masu neman aiki,
ya naɗe, ya yi barci,
ya bar mini gashi a kan ƙyalle.
Ban taɓa karɓar ko sisi ba.

Ɗazu na hango Hansatu tana sauka daga acaɓa.
Kwalin yau ya fi girma.
Bari in goge gilashi.