Littafin Adashen Bakin Tasha

Ni ke riƙe da littafin,
ba don na fi kowa boko ba,
sai don kekena na bakin hanya,
mai shiga da mai fita duk sai mun yi gaisuwa.

Shago goma sha ɗaya ne layinmu
in an ƙirga teburin Yahanasu mai awara.
Ta ce a ƙirga,
tunda dubunta ba ta taɓa makara ba ranar zubawa.

Ran Talata injin Mati ya yi tari uku, ya yi shiru.
Mati mai faci.
Ya zauna bisa tsohuwar taya, hannu a haɓa,
'yan acaɓa na tura babur cikin rana,
amalanken Barmo ta kwana biyu a gindin maina
da buhun riɗi shida, taya a saɓe,
ba iska, ba mai sakawa.

Kwasar makon nan tawa ce.
Wata bakwai ina zubi
ina mafarkin keken surfanin da na gani a Gumel,
har na taya,
har na roƙi mai shi kada ya sallama wa kowa.

Bayan lisha muka taru a rumfar Cindo mai shayi.
Nadabo mai kemis ya gyara murya ya ce,
garin da ba mai faci gurgu ne,
ko maganina a kan taya yake zuwa.
Aka yi tsit.
Ido goma sha tara ya sauka kan littafin
(Barmo ɗaya gare shi),
littafin kuwa yana kan gwiwata,
ya yi nauyi kamar dutsen niƙan dawa.

Ba zan yi ƙarya ba, ni ba waliyyi ba ne.
Sai da shayina ya huce,
sai da na tuna wa ya ɗauko uwar 'ya'yana
daren da naƙuda ta zo da gardama,
kan babur ɗin aro, cikin ruwa.
Na ja layi a kan Ilu Tela.
Na rubuta Mati.
Biron ma sai da ya yi gardamar kawowa.

Ran Asabar aka buga wasan ƙarshe,
Gabas da Yamma, filin firamare.
Kofin mu muka saya, ɗari biyar biyar,
rigunan ni na ɗinka da tsohon kekena,
lamba shida ta fito tara, yaron bai damu ba.
Abin da sabon injin ya fara hurawa
ƙwallo ce,
Mati ya ƙi karɓar ko sisi, yana ta washe baki
kamar shi ya ƙera iskar Gagarawa.

Layinmu ya tashi kacokan ya koma bakin fili.
Awara ta ƙare tun kafin hutun rabi,
Cindo ya aika gida a ƙaro gawayi,
Nadabo ya sayar da man zafi kwalba huɗu
ga tsofaffin da suka yi tsallen da ya fi shekarunsu.
Yamma ta ci. Ni ɗan Gabas ne.
A bar wannan maganar, ba ta da daɗin maimaitawa.

Amma ga abin da nake son faɗa.
Akwai wata ɗari biyar mai yagaggen kunne,
ni na liƙe ta da salatif, na ba Cindo.
Cindo ya ba Mati canji,
Mati ya ci awara,
jiya Yahanasu ta kawo zanen 'yarta a kama baki,
ta kwance haɓar zani ta miƙo min ita.
Kwana biyar tana yawo,
ba ta hau mota ba, ba ta ga Kano ba,
ciki huɗu ta ciyar kafin dawowa.

Keken surfani an sayar, na ji labari.
Sunana na can ƙasan shafi.
Na sa takardar a tsakiyar littafin,
gobe Juma'a, da ita zan fara zubawa.