Da A Ce

Ƙarfe takwas, an ɗauke wuta a Agege.
Malama Morenike ta jingina wayarta a bakin allo,
cikin ɗan hasken ta rubuta if, ta ja layi,
can gaba ta rubuta would.
Ta ce tsakanin waɗannan biyun
ake ajiye abin da babu.

Mu tara ne a benci:
'yan canji biyu, tela, Sallau mai gadi,
Iro da ke dakon albasa har idonsa ya saba da yaji,
da ni, ƙarnin Abatuwa bai bar farcena ba.

Ta ce a sa wa aikatau rigar jiya
ko da zancen yau ake yi.
Na ɗaga hannu: Malama, yaya zan ce had
a kan abin da ban taɓa riƙewa ba?
Ta ce haka Bature ke nesanta abu,
ya tura shi baya don ka san ba naka ba ne.

Ashe tsohon sani ne ya sake hula.
Mu a gida "da" muke cewa.
"In" ƙofa ce, gobe kana iya shiga.
"Da" kuwa taga ce mai ƙarafa,
sai leƙe.

Iro ya ce da yana da tirela
da bai sake ɗora buhu a wuya ba.
Sallau ya fara da was, ta ce a'a, were.
Ya ce ni kaɗai ne fa, Malama, ina jam'i a nan?
Tela ya ce bar shi haka,
mai buri ai bai taɓa zama mutum ɗaya ba.

Jirgin ƙasa ya ratsa, bencin ya yi rawa.
Layi ya zo kaina.
Na rubuta a hankali, harafi na tuntuɓe da harafi:
da Funtuwa na bayan Oshodi
da na hau danfo yanzu,
da na iske Ramlatu ba ta yi barci ba,
na ga haƙorin da aka ce ya fito mata.

Malama ta haska takardar, ta daɗe.
Ta sa jan biro ta yi maki.
Ta ce babu kuskure ko ɗaya.

Na ninke ta huɗu, na sa a aljihu
tare da kuɗin motar gobe.